Yadda Ake Zaɓen Makarantar Likitanci da Tunanin Horon Ƙwarewa Tun Ranar Cike JAMB

Duk shekara da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB wayata ba ta hutawa. Iyaye daga nan cikin Gombe, daga Kumo, Bajoga da Dukku, har da 'yan uwa na Bauchi da Azare, tambayarsu ɗaya ce: "Likita, wace jami'a yaron nan zai cike?" Wasu ma a ƙofar masallaci suke tare ni bayan Magariba. Idan na ce to wane irin likita yake son zama, kuma a ina yake son ya ƙware, sai a yi shiru, domin tunanin kowa ya tsaya ne a ranar da za a kira yaro dakta. Alhali bayan wannan ranar akwai doguwar tafiya, wato horon ƙwarewa da muke kira residensi, kuma makarantar da ka zaɓa yau tana iya sauƙaƙa maka ita ko ta jiƙa maka aiki. Ga yadda nake bi da ƙannena idan sun zo, mataki bayan mataki.

1. Fara da kirga shekarun tafiyar

Ka ɗauki biro da takarda. Karatun digirin likita, wato MBBS, shekara 6 ne. Bayansa akwai wata 12 na aikin gwaji a asibiti, wanda muke kira hawusjob: wata uku-uku a sashen cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Sai shekara 1 ta bautar ƙasa, in ba ka haura shekara 30 ba lokacin da ka kammala. Daga nan sai residensi, shekara 4 zuwa 6, wasu rassan tiyata ma fiye da haka. Jimla shekara 12 zuwa 14, idan ba a samu tsaiko ko na wata ɗaya ba. Yaron da ya shiga yana da 18 zai zama kwansaltan, wato likitan da ya gama ƙwarewa, bayan ya ba 30 baya.

A ƙasan wannan lissafin ka rubuta inda kake hasashen yin horon: a gida Najeriya, ko Ingila da Amurka, ko kuwa ka ƙware a gida sannan ka nemi aiki a Saudiyya. Ba dole ne ka san fannin da za ka yi ba tun yanzu. Yawancinmu sai da muka shiga asibiti a aji 4 ko 5 muka gane abin da ranmu ke so. Abin da ake nema shi ne kada makarantar ta rufe maka wata ƙofa tun kafin ka iso bakinta.

2. Tantance takardun makarantar kafin komai

Hukumomi biyu ne ke da ta cewa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ce ke amincewa da kwas a jami'a, amma wadda ke ba ka lasisin taɓa marar lafiya ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN. Mutane da yawa suna jin "NUC ta amince" sai hankalinsu ya kwanta. Wannan rabin magana ce.

Ka shiga shafin MDCN na intanet ka nemi jerin makarantun da ta amince da su. Za ka ga waɗanda suka samu cikakkiyar amincewa, da waɗanda ke kan hanya, kuma a gaban kowace akwai adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka a shekara. Amincewar hawa-hawa ce: akwai ziyarar ba da shawara, akwai amincewa da karatun ajujuwan farko, sannan akwai ta karatun asibiti. Makarantar da ta tsallake hawa na biyu ba ta tsallake na uku ba, ɗalibanta ba za su rubuta jarrabawar ƙarshe a rantsar da su ba sai an kammala.

Sai ka yi tambayar da ba a cika yi ba: mutum nawa ne a aji 2 yanzu? Ka gwada wannan lamba da adadin da MDCN ta ƙayyade. Idan an ba makaranta gurbi 100 ka tarar da 250 a aji, to ko dai za a zubar da mutane da yawa a jarrabawar farko, ko kuma a riƙa rantsar da su kashi-kashi, wasu su zauna jiran layi.

Gargaɗi: na san wani yaro, ɗan maƙwabcinmu, haziƙi na gaske, da ya shiga wata makaranta saboda an ce da mahaifinsa amincewa "tana nan tafe". Ya gama aji 3 lafiya, sai aka ce su dakata. Kusan shekara biyu yana zaune a shagon babansa yana auna shinkafa, littafinsa na ilimin sassan jiki a ƙarƙashin kanta. Abokansa da ya fi su maki sun riga shi fita. Kada ka karɓi "tana nan tafe" daga bakin kowa, sai abin da ka gani a rubuce.

Wannan ba yana nufin a guji sabuwar makaranta ba. Kowace tsohuwa ta taɓa zama sabuwa, kuma a sabuwa sau da yawa aji ba ya cika, malami ya san sunan kowa. Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, alal misali, a 2021 aka kafa ta, yayin da sashen likitanci na ABU Zariya yake tun 1967. Bambancin shi ne ita tsohuwa tarihinta ya riga ya amsa maka tambayoyi, ita kuwa sabuwa kai ne za ka je ka yi su da bakinka.

3. Je ka ga asibitin da idonka

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ɗalibin likitanci rabin karatunsa a asibiti yake yi, daga aji 4 zuwa 6 ba ruwansa da kyan ƙofar jami'a ko girman ɗakin taro. Saboda haka a gaskiya asibiti kake zaɓa. Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada ɗalibanta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka suke koyo. Na ATBU suna asibitin koyarwa na ATBU a cikin garin Bauchi. Na BUK suna asibitin Malam Aminu Kano, na ABU suna Shika, na Jos da na Maiduguri kowa da nasa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Daga Gombe zuwa Bauchi tafiyar awa biyu ce da 'yan kai a Gombe Line ko Yankari Express, daga Bauchi zuwa Jos ma kusan haka. Kuɗin motar nan shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a duk wannan harka.

Ka je ranar aiki, da misalin ƙarfe 9 na safe, lokacin zagayen marasa lafiya. Ka tsaya a baranda, ba sai ka shiga ɗaki ba. Za ka ga kwansaltan a gaba, bayansa babban rajistara riƙe da fayil, sai ƙananan rajistara, sai likitocin hawusjob, can baya ɗalibai cikin fararen riguna. Ka kirga ɗaliban. Idan takwas ne ko goma a bakin gado ɗaya, kowa zai sa abin awo a ƙirjin marar lafiya ya ji da kunnensa. Idan talatin ne, na baya ƙeyar na gaba kawai yake gani. Ka lura kuma ko akwai waɗannan rajistarorin na tsakiya, domin su ne 'yan residensi, kuma su ne ke koyar da ɗalibi da daddare a ɗakin haihuwa da ɗakin gaggawa bayan manya sun tafi gida. Asibitin da ba shi da su, ɗalibinsa maraya ne.

Bayan zagayen ka nemi ɗaya daga cikinsu, ko ta hanyar ofishin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa da ke asibitin. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce ƙaninsa ne kai mai son shigowa, za ka sha mamakin yadda zai buɗe maka ciki. Ga abin da za ka tambaya.

Waɗanne sassa ne ke da amincewar kwalejojin horo? Kwalejojin uku ne: Kwalejin Horon Likitoci ta Ƙasa, NPMCN, mai hedikwata a Ijanikin ta Legas, sai Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, WACP, da takwararta ta likitocin tiyata, WACS. A ƙarƙashin WACP ake yin cututtukan manya, yara, ƙwaƙwalwa, lafiyar al'umma, likitancin iyali da ɗakin gwaje-gwaje. Tiyata, ƙashi, ido, kunne da hanci da maƙogwaro, hoton cikin jiki, sa barci don tiyata, da mata da haihuwa suna ƙarƙashin WACS. Abin da mutane ba su sani ba shi ne sashe-sashe ake ba da wannan amincewa, ba asibiti dungurungum ba, kuma tana da wa'adi. Asibiti ɗaya yana iya samun cikakkiya a sashen yara, ya samu rabi a sashen ido. Mai rabi dole ya tura likitocinsa wani asibitin su cike sauran watanni.

Kwansaltan nawa ne zaunannu a kowane sashe, nawa ne masu zuwa daga wani gari sau ɗaya a wata? Yaushe asibitin ya ɗauki sababbin 'yan residensi na ƙarshe, kuma nawa daga cikinsu 'yan makarantar ne? Cikin shekara biyun nan mutum nawa suka ci jarrabawar Kashi na Ɗaya da Kashi na Biyu, wato jarrabawowin ƙwarewa da kwalejojin ke yi wa 'yan residensi?

Dalilin waɗannan tambayoyi shi ne yadda ake shiga residensi a ƙasar nan. Ba wanda zai ce sai ɗan jami'a kaza. Abin da ake nema shi ne cikakkiyar rajistar MDCN, lasisin shekara, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafe ta, da sakamakon jarrabawar share fage da muke kira firamari, wadda kwalejojin ke shiryawa sau biyu a shekara. Daga nan sai asibiti ya tallata gurbi, a yi jarrabawa ko ganawa. A wajen ganawar nan ne sanayya ta gari ke aiki. Kwansaltan da ya gan ka shekara uku kana zuwa zagaye a kan lokaci, ya ga hannunka a hawusjob, takardar shaidar da zai rubuta maka daban take da ta wanda bai taɓa ganin fuskarka ba. Sannan ita kanta firamari ilimin aji 2 da 3 ne ake dawo maka da shi, sassan jiki da aikin gaɓoɓi da ilimin cututtuka. Don haka ka leƙa ɗakin fiɗar gawa ma, ka tambayi mutum nawa ke kan gawa ɗaya.

Idan tuni ranka ya kwanta da wani fanni, ka duba abin da ke kusa da makarantar. Asibitin ƙashi na Dala yana Kano. Cibiyar ido ta ƙasa da ta kunne suna Kaduna. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna Barnawa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato. Ɗaya daga cikin cibiyoyin yoyon fitsari na ƙasa tana Ningi, asibitin saran maciji yana Kaltungo. Kada mu raina na gida: yaron da ya yi karatu a yankin nan zai ga jijjigar masu ciki, tamowa, sikila, saran kububuwa da zazzaɓin Lassa da idonsa, abin da wani sai a littafi.

Gargaɗi: kada ka yanke hukunci da sabon fenti ko babbar na'ura. Ka tambaya ko na'urar tana aiki, kuma wa ke koyar da ita.

4. Auna kuɗi da lokaci a ma'auni ɗaya

Kuɗin makaranta na sauyawa kusan duk shekara, don haka ka karɓo jadawalin bana daga ofishin kuɗi na jami'ar, na dukkan ajujuwa shida, ba na aji 1 kaɗai ba. Ka tambaya ko akwai bambanci tsakanin ɗan jiha da baƙo, domin jami'o'in jihohi sukan bambanta. Ka ɗora masauki, abinci, littattafai, abin awon ƙirji da na hawan jini, fararen riguna, kuɗin rajistar ɗalibai ta MDCN, kuɗin zuwa ƙauye don karatun lafiyar al'umma, da kuɗin rantsarwa. Ka tambaya musamman ko akwai ɗakin kwanan ɗalibai a cikin asibiti. Wanda ke kwana a ciki shi ne ke ganin tiyatar haihuwa ta ƙarfe 2 na dare. Wanda ke haya a bayan gari kuɗin Keke Napep kaɗai ya ishe shi.

Jami'o'i masu zaman kansu miliyoyin naira suke karɓa a shekara, abin da suke sayar maka shi ne kalandar da yajin aiki ba ya taɓawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Amma su ma sai ka bi da su ta mataki na 2 da na 3, domin wasu aron asibiti suke yi. A makarantar gwamnati kuwa ka tambayi 'yan ajin ƙarshe wace shekara suka shigo. Amsarsu ita ce ainihin tsawon kwas ɗin a wannan makaranta.

Ɗaliban makarantun gwamnati suna iya neman bashin NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta ya kuma ba da naira 20,000 a wata, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa.

Gargaɗi ga iyaye: idan gwamnatin jiha ko wata gidauniya ta ɗauki nauyin yaro da sharaɗin ya dawo ya yi mata aiki, a karanta takardar layi-layi kafin Baba ya sa hannu. Shekara nawa ne aikin? Ana sakin mutum ya tafi residensi a tsakiya, ko sai ya gama? Yi wa jiharka aiki abin alheri ne, kuma asibitocinmu na Nafada da Balanga suna matuƙar buƙatar likita. Sai dai sakamakon firamari yana da wa'adi, kuma na ga waɗanda nasu ya mutu a hannunsu suna jiran takardar saki.

Ke kuma ƙanwata, ki sa wannan a lissafi ba tare da jin kunya ba: da yawa daga cikin 'yan uwanki aure da haihuwa suna zuwa ne a tsakiyar wannan tafiya. Garin da yake da makaranta, da asibitin hawusjob, da sashen residensi mai amincewa, ga kuma Hajiya ko Gwaggo kusa da za ta riƙe jariri ranar kwanan aiki, ya fi miki babban suna a nesa. Mata a karkararmu suna jiran likita mace, kada nisa ya sa ki tsaya a rabin hanya.

5. Idan a ƙasar waje za a yi karatun

Duk wanda ya yi digirinsa a waje, ko Masar ne ko Sudan, Indiya, Sin ko Rasha, sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya fara hawusjob a nan. Ana faɗuwa wannan jarrabawa sosai, kuma galibi abin da ke kayar da mutane shi ne rashin taɓa marar lafiya. Don haka tambaya ta farko ita ce: da wane harshe marasa lafiyar garin ke magana, kuma ana barin baƙon ɗalibi ya duba su? A aji ana iya koyar da kai da Turanci, amma tsohuwar da ke kan gado harshen garinsu take ji.

Ka duba zaman lafiyar ƙasar. Yaƙin Yukren a 2022 ya tarwatsa ɗalibai, MDCN kuma ta fito ta ce ba ta karɓar karatun likita da aka yi ta intanet. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso 'ya'yanmu da yawa na Arewa, wasunsu suna ajin ƙarshe.

Gargaɗi: dillalin makaranta kamashonsa yake nema. Kada a ba shi ko sisi sai an ga sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya, an kuma tuntuɓi MDCN kai tsaye, an yi magana da wanda ya gama can ya dawo ya ci jarrabawar.

6. Idan a waje kake son yin horon

Shi wannan kundi na duniya kyauta ne a intanet, ana kiransa WDOMS. Ka rubuta sunan makarantar, ko ta gida ce. Mai son Amurka ya duba ko akwai bayanin ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, a shafin makarantar, domin sai da shi ake rubuta USMLE, jarrabawar lasisin likita ta Amurka. Tun Janairun 2022 matakin farko na USMLE ci ko faɗuwa ne kawai, babu maki, don haka nauyi ya koma kan mataki na biyu, wanda ilimin asibiti ne. Ingila kuwa jarrabawar shiga aikinta PLAB ce, kashi biyu, na biyun a Manchesta ake yi, ga jarrabawar Turanci ta IELTS da ake neman 7.5, ko OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Saudiyya sukan bi takardunka har tushe ta kamfanin tantance takardu na DataFlow, kuma sun fi daraja wanda ya riga ya ƙware.

Duk waɗannan hanyoyi suna bi ta teburi ɗaya: ofishin da ke fitar da cikakken sakamakonka ya kuma amsa wasiƙar tabbatarwa. Ni kaina na taɓa rasa wata dama saboda wasiƙa ta kwana wata huɗu ba a amsa ba a wani ofishi, na yi ta zarya har wa'adi ya wuce. Ka tambayi tsofaffin ɗalibai sati nawa takardunsu suka ɗauka. Ka tambaya kuma ko ɗalibai na samun shiga bincike tare da malamai har sunansu ya fito a mujalla, domin wannan yana ƙara nauyi a waje da gida.

7. Sai ka zauna cike fom

Yanzu ka rage jerinka zuwa makarantu uku da suka tsallake matakan baya, ka auna su da ƙarfinka. Ana neman kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, makarantu da yawa kuma a zama ɗaya suke so. A JAMB darussan su ne Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, maki 400. Makin da jami'a ke sanarwa na gama-gari ba shi ne na likitanci ba. Ka tambayi 'yan aji 1 na bana da nawa aka ɗauki na ƙarshensu.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka baro a baya a ilimi, kuma Bauchi da Gombe duk suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Saboda haka ka binciki ko jiharka tana cikin yankin jami'ar da kake so, domin maki ɗaya yana iya shigar da kai a nan ya kasa a can. Makarantar da kake so da gaske ita za ka sa a zaɓi na farko, likitanci ba kasafai ake waiwayar zaɓi na biyu ba. Idan sakamako ya fito bai kai ba, JAMB tana ba da damar sauya makaranta, ka yi da wuri kafin a rufe rajistar Post-UTME.

Gargaɗi: idan aka ba ka wani kwas, kamar ilimin sassan jiki ko Bayokemistiri, aka ce "shiga, daga baya ka koma MBBS", ka nemi ganin dokar a rubuce a littafin jami'ar, da adadin waɗanda suka koma bara. In babu, ka zaɓa da idonka a buɗe: ko ka riƙe kwas ɗin don kansa, ko ka sake JAMB baɗi, ko ka gama ka nemi shiga aji 2 kai tsaye.

Ka ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB a cibiyar da aka amince da ita, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN, da WAEC, da JAMB, domin harafi ɗaya da ya bambanta zai bi ka har teburin MDCN. Ranar da gurbi ya fito a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbi, ka karanta sunan kwas ɗin sau biyu kafin ka danna karɓa, sannan ka buga takardar ka adana kwafi biyu, ɗaya a wajenka, ɗaya a wajen Baba.